Zaɓen Harsashin Magnum Da Ba Kowa Ke Da Shi Ba, Da Bututun Da Zai Dace Da Shi

Yawancin masu zuwa wurin maƙerin bindiga a Amurka, Jamus ko Afirka ta Kudu don a ƙera musu bindigar farauta ta kansu, da sunan harsashi a bakinsu suke shiga shago. Wani ya ji ana yabon gudun 7mm STW, wani kuma sunan .358 Norma ne ya yi masa daɗi. Daga nan ake soma ɓata aiki, domin sunan harsashi ba shi ne farkon magana ba. Da dabbar da za ka farauta ake farawa da nisan da za ka harbe ta, sai ƙwayar da za ta kashe ta da harbi ɗaya, sai kwanson da zai tura ƙwayar. Bayan haka ne ake maganar uwar bindiga, wato ɓangaren da ke ɗaukar harsashi ya kulle shi ya harba, bututu kuma shi ne na ƙarshe. Wanda ya juya wannan jeri zai biya kuɗi sau biyu.

Wannan sana'a ta ƙasashen da doka ta ba maƙera da mafarauta lasisi ce. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera ko haɗa bindiga da harsashi ba da izinin hukuma ba.

Harsashi abu huɗu ne a haɗe: kwanso na tagulla, albarushi a cikinsa, ƙwaya a wuyansa, da 'yar hula a gindinsa wadda allura ke duka wuta ta tashi. Magnum shi ne wanda kwansonsa ya ɗauki albarushi fiye da na gama-gari mai faɗin ƙwaya ɗaya da shi. Ana auna nauyin ƙwaya da giren, giram ɗaya kuwa giren 15.4 ne.

Fara da ƙwaya

Idan dabbobin fili ne da ake hangowa daga mita 250 zuwa 400, kamar barewa ko tumakin dutse, ƙwaya mai faɗin milimita 7 ko inci .308, doguwa mai tsini, giren 160 zuwa 200, ita ce ke tsaga iska ba ta karkace sosai ba. Idan manyan dabbobi ne a cikin kurmi, irin su gwanki, babbar barewar Afirka mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira kudu, ko ƙatuwar barewar dazukan Suwidin da ake kira mus, inda da wuya harbi ya wuce mita 200, faɗi da nauyi sun fi gudu amfani: milimita 8, inci .358 ko milimita 9.3, giren 200 zuwa 293.

In ɓauna na cikin lissafi, doka ce za ta zaɓa maka. Zimbabwe na neman faɗin da bai gaza milimita 9.2 ba da ƙarfin jul 5,300 a bakin bindiga, jul kuwa ma'aunin ƙarfin bugun ƙwaya ne. Namibiya na neman jul 5,400. Wasu ƙasashen sun tsaya kan inci .375 kai tsaye, ko da 9.3 ɗinka ya fi .375 ƙarfi ba za a saurare ka ba. Ka nemi dokar ƙasar da za ka je a rubuce kafin ka sayi ko da ƙusa ɗaya.

Sannan ka zaɓi ƙwaya guda, da sunan kamfaninta da nauyinta, ka sayi kwali biyu ko uku ka ajiye. Duk ma'aunin da za a yi nan gaba a kanta za a yi shi.

Waɗanne ne suka cancanci wahalar

Ba kowane baƙon harsashi ne ke ba da abin da .300 Winchester Magnum ko 7mm Remington Magnum ba sa bayarwa ba, su kuwa ana samunsu a kowane shago. Ga waɗanda suke da hujja.

.308 Norma Magnum, wanda kamfanin Norma na Suwidin ya fitar a 1960, yana tura giren 180 kusan mita 900 a daƙiƙa, kafaɗa da kafaɗa da .300 Winchester da ya biyo shi a 1963 ya kwace masa kasuwa. Fifikonsa a wuya yake. Kwansonsa milimita 65 ne, ya fi na Winchester gajarta, wuyansa kuma ya fi tsawo, don haka yana riƙe doguwar ƙwaya ba ta nitse cikin albarushi ba. Yayansa .358 Norma na 1959 yana tura giren 250 kusan mita 850 a daƙiƙa, kuma yana shiga uwar bindiga mai tsawon .30-06. Ga mai farautar manyan dabbobin da ba su da haɗari, da wuya a sami wanda ya fi shi, kuma bututunsa yana daɗewa.

Wajen rubuta oda kada a haɗa .308 Norma Magnum da .300 Norma Magnum. Na biyun sabon harsashi ne mai ƙaton gindi, ba ya shiga inda na farkon ke shiga.

Jamus ta ba da biyu masu kyau. 8x68S na kamfanin RWS, wanda aka tsara a ƙarshen shekarun 1930, ba shi da ɗamara, wato zoben da ke kewaye gindin kwanson wasu magnum, yana tura ƙwaya mai giren 200 wajen mita 900 a daƙiƙa. Harafin S ɗin na nufin faɗin inci .323, ba .318 na tsofaffin bututun Jamus ba. Sai 9.3x64 da Wilhelm Brenneke ya tsara a 1927, wanda ke tura giram 19 kusan mita 785 a daƙiƙa, daidai da aikin .375 H&H, alhali yana shiga uwar bindigar Mauser 98 ta gama-gari. A wurin mai son bindiga ɗaya daga gwanki har ɓauna, inda doka ta yarda da 9.3, shi ne zaɓin da ya fi kowane hankali.

7mm STW kuwa Layne Simpson ne ya ƙirƙire shi a 1979, ya matse wuyan 8mm Remington Magnum zuwa milimita 7. Yana kai giren 160 kusan ƙafa 3,200 a daƙiƙa. Gudun gaskiya ne, amma da ran bututu ake biyansa. Haka .264 Winchester Magnum da 26 Nosler suke: albarushi mai yawa ta ƙaramin rami, wutar tana cinye maƙogwaron bututu, wato farkon cikinsa dab da bakin kwanso, kamar yadda ruwan indararo ke cin ƙasa. Irin waɗannan, wajen harbi dubu ɗaya zuwa dubu ɗaya da ɗari biyar saiti yakan soma watsewa, yayin da .358 Norma ko 9.3x64 ke yin dubbai. Mai harbi talatin a shekara bai damu ba. Mai son ya riƙa gwaji kowane mako ya sa kuɗin bututu na biyu cikin lissafi tun yau.

Kwanso kafin ƙarfe

Nan ne ya kamata a zauna a yi dogon tunani, domin bindigar da ba ta da kwanso sanda ce mai tsada. Kamfanoni irin su Norma da RWS ba kullum suke buga kwanson baƙin harsasai ba. Sukan buga tari ɗaya, ya ƙare, a jima kafin a sake. Saboda haka kada ka bari maƙeri ya taɓa bututu sai kwanso ya shigo hannunka.

Nawa za ka saya? Kwanson magnum da ake cika shi da ƙarfi yakan jure cikawa huɗu zuwa shida kafin ramin hula ya yi sako-sako. Idan kana sa ran bututu ya yi harbi 1,200, ka raba da biyar, 240 ke nan. To ka sayi 250 zuwa 300, duka daga bugu ɗaya mai lamba ɗaya, domin kauri da zurfin ciki suna bambanta daga bugu zuwa bugu, kuma bambancin yana taɓa matsi.

Ka kuma tambayi kanka, in ya ɓace daga kasuwa gaba ɗaya, daga wane kwanso za a iya sarrafa shi? .308 Norma da .358 Norma ana yin su daga .300 ko .338 Winchester Magnum ba da wahala mai yawa ba. 7mm STW na fitowa daga 8mm Remington Magnum ko dangin .375 H&H. Amma 8x68S da 9.3x64 ba su da ɗan'uwa na kusa mai sauƙin samu a kasuwa, don haka da su sai a ninka tanadi.

Kwanson da aka sarrafa yana da matsalarsa ga mai tsallaka iyaka. Rubutun da ke gindinsa na tsohon sunansa ne. Bututu ya ce .358 Norma, kwanso ya ce .338 Win Mag, jami'in filin jirgi kuwa abin da ya karanta yake bi, yana iya riƙe harsasan. Ga tafiya, sai mai rubutun da ya dace da na bututu. Ka tuna jiragen sama kilo 5 kaɗai suke yarda a ɗauka, Afirka ta Kudu kuma ba ta barin baƙo ya shigo da fiye da harsashi 200 ga kowace bindiga. In jakar harsashi ta ɓata a hanya, mai .375 H&H zai samu a sansanin farauta, mai 8x68S sai dai ya ari bindigar wani. Wannan shi ne hakikanin kuɗin da ake biya kan baƙon harsashi.

Tare da kwanso ka yi odar kayan matsi, wato ƙarafan da ake mayar da kwanso siffarsa da su. Redding da RCBS na yin na baƙin harsasai, amma sau da yawa sai an jira watanni.

Uwar bindiga

Abu biyu ake dubawa: fuskar sakata, wato gaban ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi, da tsawon gidan harsashi, inda ake jera harsasai. Fuskar sakata ta gama-gari an yi ta don gindi mai inci .473, ta magnum don .532. Duk masu ɗamara, wato Norma biyun nan, STW da .264, fuskar magnum suke so. Na Jamus sun faɗa tsakiya: gindin 8x68S milimita 13 ne, na 9.3x64 milimita 12.6. Dole maƙeri ya buɗe fuskar gama-gari daidai gwargwado, ya gyara ƙugiyar da ke zaro kwanso. Wanda ya sa su a fuskar magnum don gudun aiki, wata rana ƙugiya za ta zame ta bar kwanso a ciki.

Tsawo kuma, gidan .30-06 yana ɗaukar inci 3.340. 7mm STW na bukatar inci 3.600 irin na .375 H&H. 8x68S milimita 87 ne, sai an ƙara wa gidan Mauser 98 tsawo. Ka nemi gidan da ya fi harsashinka da milimita 2 ko 3, domin idan maƙogwaro ya ci gaba da cinyewa za ka so ka ɗan fito da ƙwaya waje.

Tashin harsashi daga gida zuwa ɗaki, wato gurbinsa a gindin bututu, shi ma aiki ne. Leɓunan gidan an yanka su ne don kwanso mai wani kauri, in aka sa mai ƙiba sai ya tsalle da wuri ko ya soki gefen bututu. A gaban maƙeri ka cika gidan da harsasan gwaji marasa albarushi, ka ja sakata a hankali, ka ja da ƙarfi, ka ja bindiga tana kallon sama, ka ja tana karkace. In ya maƙale sau ɗaya cikin hamsin, aiki bai ƙare ba.

Murɗin ciki

A cikin bututu akwai zane mai murɗawa da ke sa ƙwaya ta riƙa juyi kamar katantanwa. Ana faɗinsa da inci nawa take tafiya kafin ta zagaya sau ɗaya: 1:10 na nufin zagaye ɗaya a inci 10. Tsawon ƙwaya ne ke yanke murɗin da ake bukata, ba nauyinta ba. Ƙwayar jan ƙarfe zalla ta fi mai dalma tsawo ko da nauyinsu ɗaya, don haka tana son murɗi mai sauri.

A milimita 6.5, giren 140 na son 1:8. Masana'anta ta ba .264 Winchester 1:9, shi ya sa tsofaffin bindigoginsa ba sa jituwa da dogayen ƙwayoyin zamani. A milimita 7, 1:9 ya ishi giren 160, amma dogayen giren 175 zuwa 180 sai 1:8. A .308, 1:10 ya ishi giren 180 zuwa 200, abin da ya wuce 210 sai 1:9 ko 1:8. Ma'aunin 8x68S zagaye ɗaya ne a milimita 280, na 9.3x64 a milimita 360. .358 Norma na tafiya daidai da 1:12.

Kada ka tsaya a wannan jeri. Kamfanonin ƙwaya suna rubuta murɗin da kowace ke so, kuma akwai lissafin Miller da ke ba da lambar daidaito. Ka nemi 1.5 ko sama da haka, kuma ka lissafa da iska mafi sanyi da wuri mafi ƙasa da za ka yi farauta, domin iska mai kauri ta fi kifar da ƙwaya. Alamar murɗi ya yi kaɗan ita ce rami mai tsawo a takardar saiti, ƙwaya ta shiga a kaikaice. Babu albarushin da zai gyara wannan, sai sabon bututu.

Wuce gona da iri ma yana da illa. Ka ninka gudu na ƙafa a daƙiƙa da 720, ka raba da murɗi, za ka sami juyi a minti. Ƙafa 3,200 a 1:8 ya ba da 288,000. Da an doshi 300,000, ƙwayoyi masu siririyar riga sukan tarwatse a iska, ka ga ɗan hayaƙi toka-toka a tsakiyar fili, takarda kuma ba ko ɗigo.

Maƙogwaro

Tsakanin bakin kwanso da inda zanen ciki ya fara akwai ɗan fili sumul, shi ne maƙogwaro. Wannan ne babban dalilin ƙera bindiga ta kanka, domin kai za ka faɗi tsawonsa. Ka ɗauki kwanso uku, ka dasa ƙwayarka a cikinsu ba albarushi ba hula, yadda faffaɗan jikinta zai tsaya dab da saman inda wuya ya haɗu da kafaɗa. Ka tabbata sun shiga gidan harsashi da sarari. Sai ka miƙa wa maƙeri ka ce a yanka maƙogwaro yadda ƙwayar za ta yi tsallen kusan rabin milimita kafin ta taɓa zane. Ta jan ƙarfe zalla a ba ta milimita 1.3, wato inci .050 da kamfanin ƙwaya na Barnes ke ba da shawara a fara da shi.

Bindigar farauta ba a cusa ƙwayarta cikin zane. In ka buɗe sakata ba ka harba ba, ƙwaya na iya maƙalewa a bututu, albarushi ya zube cikin uwar bindiga, kana tsakiyar daji.

Amma akwai tarko. In kana son ka riƙa harba na masana'anta ma, kada a gajarta maƙogwaro ƙasa da ma'aunin CIP ko SAAMI, hukumomin da ke tsara girman ɗaki da iyakar matsi a Turai da Amurka. Harsasan Weatherby misali ne: an cika su ne bisa dogon maƙogwaron da ɗakinsu ke da shi, in aka harba su a gajere matsi zai haura. Ka karɓi zanen rimar da aka sassaƙa ɗakin da ita ka adana. In ka sayi rimar ta zama taka ya fi, domin bututu na biyu zai fito da ɗaki iri ɗaya, kwansonka da kayan matsinka su ci gaba da aiki. A ƙasashen CIP kamar Jamus da Ingila dole a kai bindigar gidan gwaji a harba ta da matsin da ya ɗara iyaka da kashi 25 cikin ɗari, a buga mata hatimi.

Tsawo, kauri da ƙarfe

Ƙananan ramuka masu albarushi da yawa, STW da .264, inci 26 suke so. 8x68S da santimita 65 aka san shi. .308 Norma inci 24 zuwa 25, .358 Norma da 9.3x64 kuma inci 23 zuwa 24 sun wadatar. Kowane inci da ka yanke daga mai gudu yana tafiya da kusan ƙafa 25 zuwa 35 a daƙiƙa. STW mai inci 22 ya koma 7mm Remington Magnum mai ƙarin ƙara da wuta. In ka san gajeren bututu kake so don za ka ɗaura abin rage ƙara, ka koma kan ƙaramin kwanso tun farko.

Kauri shi ne inda mutane ke cutar kansu. Kowa na son bindiga marar nauyi, magnum marar nauyi kuwa shuri take kamar jaki, mai ita ya koyi runtse ido kafin ya ja kunama. Ga 7mm da .30, baki mai kaurin inci .630 zuwa .650 ya yi, bindiga da madubinta ta tashi kilo 4 zuwa 4.3. Ga .358 da 9.3 kada baki ya gaza .650, nauyi kilo 4.3 zuwa 4.7. Lambobin kauri da kamfanoni ke bayarwa ba iri ɗaya ba ne, lamba 4 ta Krieger ba lallai ta zama ta Lothar Walther ba, saboda haka ka rubuta ma'auni a inci ko milimita. In za a yanka zaren ɗauri mai ma'aunin 5/8-24 a baki, ana bukatar kusan inci .725 don abin da za a ɗaura ya sami kafaɗar zama.

Birkin baki, wato ƙarfe mai ramuka da ake ɗaurawa a bakin bututu, yana rage shuri sosai, amma yana watsa ƙarar gefe, daidai inda mai bin sawu yake tsaye. A yankunan farauta na Benuwe da Faro a arewacin Kamaru, kamar ko'ina a Afirka, masu bin sawu ba toshe kunne suke yi ba, da kunnen suke aiki. A sa birki wurin gwaji, a cire shi a daji, a sake duba saiti bayan an cire domin yakan motsa.

Batun ƙarfe bai da tsawo. Wanda ba ya tsatsa, 416R, ya fi ga wurin damina. Na 4140 shi ke karɓar baƙin rini mai kyau. Zanen da aka yanka layi-layi irin na Krieger da Bartlein, da wanda aka ja da maɓalli irin na Shilen da Lothar Walther, duka suna harbi fiye da yadda mafarauci zai iya riƙewa. Hannun wanda ya sassaƙa ɗakin ya fi sunan bututun tasiri.

Ranar da ta iso

Ka fara da cikawa mafi sauƙi da littafin kamfanin albarushi ya bayar, ka haura kaɗan-kaɗan kana auna gudu. Sakata mai nauyin ɗagawa, tabo mai sheƙi a gindin kwanso, ko hular da ta baje, duk suna cewa ka koma baya. Cikawar da ta yi daidai a sanyin Turai tana iya maƙale sakata a zafin Maris na Benuwe, inda ake haura digiri 40, don haka ka bar tazara tsakaninka da iyaka.

Masu ɗamara suna da wani hali. Ɗamarar ce ke tsayar da sabon kwanso a ɗaki, kafaɗarsa tana da sarari a gaba, harbin farko sai ya miƙe. In kana mayar da kafaɗar baya gaba ɗaya kowane cikawa, bayan uku ko huɗu zai tsinke a saman ɗamara, gindi ya fito, sauran ya zauna a ciki. Ka saita abin matsi ya tura kafaɗa inci .002 kawai. Ka lanƙwasa bakin siririyar waya ka shafa cikin kwanso kusa da gindi, in ta faɗa cikin kwari ka jefar da shi.

Gwajin saiti harbi uku-uku ake yi, a bari bututu ya huce har ka iya riƙe shi da tafin hannu. Harbi goma a jere da STW yana cin maƙogwaro fiye da talatin da aka yi da hutu. Tun ranar farko ka auna nisan da ƙwayarka ke taɓa zane ka rubuta a littafi, tare da adadin harbi, ka sake aunawa bayan kowane 200 don ka san yadda maƙogwaron ke ja gaba. Sannan ka ware safiya biyar, kowace ka yi harbi ɗaya tak da bututu mai sanyi a kan takarda guda daga mita 100. Tsakiyar waɗannan ramuka biyar, can za ka saita madubi.